Asibitin Birnin Kano: A Tashe Shi, Ko A Bar Shi Inda Yake?

  

Maganar da za a yi yau ta asibiti ce, watau Asibitin Birni na Kano, wanda ake kira Asibitin Murtala tun 1976. A cikin ayyukan da En'e ta Kano ta bari, da wuya a sami wanda talaka ya fi mora kamarsa. Ga shi kuwa ya kusa cika shekara 100, gari ya kewaye shi ta kowace fuska. To, duk asibitin da ya kai wannan matsayi, lalle wata rana a tambaya, shin gyara shi za a yi ta yi a inda yake, ko kuwa za a nemi fili a bayan gari a tashe shi? Wannan tambaya ba ta likitoci kaɗai ba ce. Ta shafi mai awon ƙasa, da ma'aji, da mai unguwa, da hakimin da fili ke ƙasarsa. Saboda haka ya kamata a ji hujjar kowane gefe, a kawo shaidu, kana a yanke shawara.

YADDA AKA KAFA SHI

Turawa sun ci Kano a 1903. A shekarun farko, abin da ke akwai na aikin likita yana can waje da ganuwa, wajen Nasarawa da Bompai, domin Turawa da soja da ma'aikatan gwamnati. Mutumin birni in ciwo ya kama shi, sai ya nufi malami, ko wanzami, ko mai saiwa, mace kuwa sai ungozoma. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi suka yawaita, ciniki ya buɗe. A 1918 annobar nan da ake kira Marisuwa ta faɗo, ta ɗebi mutane ba iyaka, ga kuma agana da sanƙarau suna zuwa suna komowa.

Abin da ya sa aka sami ikon yin wani abu shi ne Baitulmali. Tun da aka tsara shi, aka fara a Katsina sa'an nan Kano, sai ya zamana En'e tana da rabonta na haraji da jangali wanda take kasaftawa kowace shekara. Daga cikin wannan kuɗi ne aka gina Asibitin Birni a farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, wajen 1927, da gado 16 kacal. Kuɗin talakawa ne, guminsu na gyaɗa da auduga da shanu, aka mayar musu da shi ta wannan hanya.

Abin lura a nan shi ne wurin da aka zaɓa. Fili bai ƙare a bayan gari ba a wannan zamani, da an so da an kai shi can. Amma sai aka kafa shi cikin ganuwa, daf da Ƙofar Mata, kusa da karofi, inda mutumin Kurmi da na Fagge da na unguwannin fada kowa zai iya zuwa da ƙafarsa. Dalili kuwa a fili yake. Mutane a lokacin nan tsoron asibiti suke yi, suna ganin wurin baƙi ne, wanda ya shiga ba ya fitowa. Da an kai shi nesa, da sai gadaje su yi ta zama ba kowa. Da aka sa shi a bakin ƙofarsu, suka ga wane ya shiga a ɗauke ya fito da ƙafarsa, sai tsoro ya riƙa raguwa. Daga baya aka yi sashen mata, har matan kulle suka fara zuwa.

Ba gini kaɗai En'e ta yi ba. A 1931 ta gama aikin ruwa da lantarki, aka jawo ruwa daga kogin Calawa, aka tara shi bisa Goron Dutse, yana gangarowa gari ta famfo. A 1932 aka buɗe Makarantar Tsabta domin koyar da duba-gari. A gundumomi kuma aka yi ta gina ɗakunan shan magani, ana aika yara Zariya su koyo aikin ba da magani. Ashe mutanen da sun gane asibiti ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da ruwa, da tsabtar gari, da ma'aikata, da ƙananan wurare a ƙauye masu rage masa kaya.

YADDA GARI YA CIM MASA

A ƙidayar 1952 mutanen birnin Kano wajen 130,000 ne. A 1967 aka yi Jihar Kano, birni ya zama hedkwatarta. Ko da aka cire Jigawa a 1991, ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da miliyan 9 a jihar, kashi mai yawa kuwa suna birni da kewaye. Gonakin da ke bayan ganuwa duk sun zama unguwanni. Asibiti kuma ya fita daga hannun En'e ya koma na gwamnati, En'e kanta ta ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

A duk tsawon wannan zamani an yi ta ƙara masa ɗakuna, wannan bayan wancan, har gado 16 ya zama ɗaruruwa. Amma ƙasar da yake kai ba ta ƙaru ba. Gabas ganuwa da titi, sauran fuskoki gidaje da kantuna da masu sana'a. Marasa lafiya kuwa ba na birni kaɗai ba ne, suna zuwa daga ƙauyuka, da jihohin maƙwabta, har da ƙasar Nijar. Rigar da aka ɗinka wa yaro ce ƙato ya sa, ko an ƙara mata ƙyalle, wata rana sai ɗinki ya saki.

HUJJAR MASU CEWA A TASHE SHI

Masu wannan ra'ayi ba wawaye ba ne, hujjojinsu kuma masu nauyi ne. Ta fari, sun ce asibitin zamanin nan yana bukatar abubuwan da ba a san su ba a 1927, kamar ɗakunan fiɗa masu yawa, da ɗakin hoton ƙashi, da ma'ajiyar jini, da injin iskar numfashi, da wurin ƙona ƙazanta, da wurin ajiye motoci. Kowane ɗaya fili yake ci. Ta biyu, sun ce gyaran tsohon gini alhali marasa lafiya suna kwance ciki ya fi sabon gini wuya, yakan kuma fi shi tsada, gama ba a iya rushe ɗaki sai an sami inda za a kai na cikinsa. Ta uku, hanya. Motar da ta ɗauko wanda ya yi haɗari takan tsaya cikin cunkoson kasuwa, ga asibiti ana hange, ba halin isa. Ta huɗu, hayaniya da ƙura da hayaƙi ba su dace da mai ciwo ba, cunkoson marasa lafiya a tsakiyar jama'a kuma hanya ce ta yaɗuwar cuta.

Wannan hujja ta ƙarshe tsohuwa ce ƙwarai. An ruwaito cewa da aka nemi babban likitan nan Arrazi ya zaɓi wurin gina asibiti a Bagadaza, sai ya sa aka rataye nama a unguwanni dabam dabam, ya zaɓi inda naman ya fi daɗewa bai ruɓe ba. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya nuna tun da daɗewa masana suna kula da iskar da maras lafiya zai shaƙa.

HUJJAR MASU CEWA A BAR SHI

Su kuma waɗannan suka ce, a tambaya tukuna, wane ne ke zuwa Asibitin Birni? Mai hali yana da inda zai je, ga asibitocin kuɗi, ga Masar da Indiya ga wanda ya fi ƙarfi. Wanda ke zuwa nan shi ne ɗan dako, da mai tura ruwa, da almajiri, da tsohuwa mai ƙosai, da matar da naƙuda ta kama da tsakar dare mijinta ba shi da mota. Ga irin waɗannan, mil 10 ba ƙaramar tafiya ba ce. Kuɗin motar zuwa da komowa yana iya cinye kuɗin magani, in kuwa haka ta faru sai mutum ya haƙura ya kwanta a gida, ba za a gan shi ba sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Akwai kuma ciwon da ba ya jira. Likitoci sun tabbatar zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'a 2 in ba a tsayar da shi ba. Doguwar naƙuda ita ce ke jawo yoyon fitsari, wanda har sashe guda aka keɓe masa a wannan asibiti. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, da wanda gudawa ta tsotse, da wanda mota ta buge, dukansu da minti ake ƙidaya ransu.

Sa'an nan ga al'adar ƙasar. Maras lafiya a nan ba ya kwanciya shi kaɗai. Akwai mai zaman jiyya, akwai mai kawo abinci safe da yamma, akwai 'yan dubiya, akwai ɗan'uwan da za a kira ya ba da jini. Waɗannan mutane rabin aikin jiyya suke yi ba da albashi ba. In an nisanta asibiti an nisanta su, aikinsu kuwa sai ya faɗo kan malaman asibiti, waɗanda ko yanzu ba su isa ba.

SHAIDUN DA SUKA GABATA

Alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin masu shari'a kaɗai, sai ya nemi shaida. Shaidun wannan magana kuwa su ne asibitocin da aka riga aka tasa, a ga yadda suka ƙare.

Shaida na fari yana gida. En'e ta Kano ta kafa zangon kutare a Sumaila, can nesa da birni. A 1937 aka danƙa aikin ga mishan na S.I.M., aka kuma maido da shi Yadakunya a ƙasar Ungogo, kusa da birni. Ga cuta wadda kowa ke gudu, wadda ake ganin nisa shi ne maganinta, amma duk da haka kusa aka jawo ta, ba nesa aka ƙara kai ta ba. Bayan wannan kuma, da aka sami ƙwayar maganin kuturta mai aiki, sai ya zamana mutum yana karɓar magani yana zaune gidansa, manyan zangunan kutare suka rage amfani. Haka agana, wadda a da ake keɓe wa ɗakuna, a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Abin koyo a nan, wanda zai yi gini na shekara 50 kada ya ɗaure shi ga cutar yau kaɗai, ya yi shi yadda za a iya juya ɗaki daga wannan aiki zuwa wancan.

Shaida na biyu shi ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda mutane ke kira Asibitin Malam. An kafa shi a 1988, ya fara zama na aro cikin Asibitin Murtala, kana ya koma mazauninsa na hanyar Zariya a 1996. Wannan ƙaura ta yi kyau, dalili kuwa shi ne ba a rufe tsohon don sabon ba. Aikin koyarwa, mai bukatar fili da ɗakunan karatu da gidajen ɗalibai, shi ya fita, aikin talakan birni ya zauna inda yake. Aka wayi gari Kano tana da manyan asibitoci biyu maimakon ɗaya. Wurin da ake gani bayan gari ne a lokacin, yau ga shi tsakiyar unguwanni.

Shaida na uku daga Zariya yake. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe a rarrabe, wani sashe a Tudun Wadan Zariya, wani a Kaduna, wani a Malumfashi. Aka yi niyyar tara su wuri ɗaya a Shika. Niyya kyakkyawa ce, amma ginin ya ɗauki fiye da shekara 20, ba a tare ba sai a 2005. Wannan ya nuna tsakanin aza tubali da kwantar da maras lafiya na fari akwai tafiya mai nisa, gwamnatoci suna sakewa, kuɗi yana karyewa. Duk wanda ya daina gyaran tsohon asibiti don yana jiran sabo, ya zubar da ruwan tulunsa ne don ya ga hadari.

Shaida na huɗu daga Ingila ne. Asibitin Sen Tomas na birnin Landan, hanyar jirgin ƙasa ta tashe shi daga tsohon mazauninsa a 1862. Aka yi gardama mai zafi. Waɗansu, cikinsu har da Florence Nightingale, wadda ta gyara aikin jiyya, suka so a kai shi bayan gari inda iska ke da kyau. Likitocinsa suka ce a'a, asibitin matalautan birni ne, a birni zai zauna. Daga ƙarshe aka gina shi bakin kogi, daura da majalisar ƙasar, aka buɗe a 1871, yana nan har yau. Amma sai da ya yi shekara 9 a mazaunin aro.

In an haɗa bakin shaidun nan huɗu, abu ɗaya suke faɗi. Ƙaurar da ta yi albarka ita ce wadda ta fitar da aikin da ke iya jure nisa, ta bar wanda ba ya iyawa. Kano ma tun da daɗewa haka take yi ba tare da an ba abin suna ba. Cututtuka masu yaɗuwa suna da nasu wuri, watau Asibitin Zana, wanda ya ɗauki nauyin annobar sanƙarau ta 1996. Ido yana da asibitin mishan na Sabon Gari tun 1943. Ƙashi yana da Dala tun 1959. Taɓin hankali yana Dawanau, yara suna da Asibitin Hasiya Bayero, a 2017 kuma aka buɗe na Giginyu da na yara na hanyar Gidan Zu. Kowane ɗaya kaya ne aka sauke daga kan Asibitin Birni.

ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A AZA TUBALI

Ko sabon asibiti za a gina, ko wani sashe za a fitar, akwai abubuwa bakwai da ya wajaba a bincika, a rubuta amsarsu, kafin a kira magini.

Na 1, littafin rajista. A ɗauko littattafan asibiti na shekaru da dama, a ƙidaya mutum nawa ke zuwa, da wane ciwo, daga wace unguwa ko wane gari, da wane lokaci, kwana nawa kuma suke yi a gado. In aka tarar yawancin masu cika layi ciwonsu na ɗakin shan magani ne, to, ba sabon babban asibiti ake bukata ba, gyaran ƙanana ake bukata. Wannan aikin akawu ne, ba ya cin kuɗi mai yawa, amma shi ne tushen sauran duka.

Na 2, ƙasa. A auna ta, a kafa duwatsun iyaka, a biya masu gonaki diyyarsu cikakkiya a gaban hakimi da dagaci da mai unguwa, a rubuta takarda. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun Gwamna, amma har yanzu mai unguwa ne ya san gonar wane ce, da wanda ya gada, da wanda aka ba jingina. A ɗebi fili ninkin abin da ake bukata yau, a kewaye shi, a dasa itatuwa. Fili maras katanga, kafin a farga ya zama gidaje. En'e ta Kano tana da ofishin safiyo nata na kanta, ta san wannan sarai. An kuma taɓa tsara wa Kano da kewayenta shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma gari ya yi ta girma ya wuce takarda, gama shiri ba ya tsare kansa sai da mai tsaronsa.

Na 3, ruwa da magudana. Asibitin da ba ruwa gidan cuta ne. A tabbata akwai ruwa rani da damina, da tanki mai ɗaukar na kwanaki. A duba wurin da damina, ba da rani ba, a ga inda ruwa ke kwanciya. Kada a yi kusa da kududdufi saboda sauro, kada kuma ƙazantar asibiti ta gangara rafin da mutane ke ban ruwan lambu da shi.

Na 4, iska da rana. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Da wannan za a san inda za a sa wurin ƙona shara da ɗakin masu tari, da yadda za a fuskantar da tagogi. Tsofaffin gine-ginen En'e masu kaurin bango da dogon rufi da baranda suna da sanyi ko ba lantarki. Ginin da ba a iya zama cikinsa sai da na'urar sanyi, ran da wuta ta ɗauke ya zama tanda.

Na 5, hanya. A auna tafiyar da irin abin hawan talaka, da tsakar dare da kuma ranar kasuwa, ba da motar ofis da hantsi ba. A san nawa ne kuɗin zuwa daga unguwa mafi nisa. A yi ƙofa dabam domin motar gaggawa, a hana kasa kaya a bakinta tun ran fari.

Na 6, ma'aikata da masu jiyya. Gini yana iya ƙarewa cikin shekara 2 ko 3, amma likita sai ya yi shekara 6 a makaranta, ban da na ƙwarewa. Saboda haka a fara koyar da mutane kafin a fara gini. A yi gidajen masu kwanan aiki a cikin harabar. A kuma yi wa masu zaman jiyya rumfa, da madafa, da makewayi, da masallaci, gama ko an shirya musu ko ba a shirya ba za su zo, in ba a ba su wuri ba sai su kwana a baranda.

Na 7, kuɗin riƙo. Kuɗin gini sau ɗaya ake biya, na riƙo kuwa kowace shekara ne har abada, watau albashi, da magani, da man inji, da gyaran rufi da famfo. Sarkin Masar Ƙalawun, da ya gina babban asibitinsa a tsakiyar Alƙahira a 1284, sai ya haɗa shi da waƙafi mai yawa domin riƙonsa, saboda haka ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. A tsarin Baitulmali ma ana rarrabe kuɗin sabon aiki da na yau da kullum, ana kuma ajiye wani abu don ranar wuya. Duk shirin da ya faɗi kuɗin gini bai faɗi na riƙo ba, rabin shiri ne.

SHAWARA

Da aka auna hujjojin nan da shaidun nan, abin da ya fi kusa da daidai shi ne kada a tashe Asibitin Birni ɗungum. Haihuwa, da gaggawa, da yara, da masu zuwa a duba su su koma gida, waɗannan su zauna a Ƙofar Mata muddin akwai mutane cikin ganuwa. Ayyukan da mai su ke iya jiran rana, kamar doguwar jiyya, da fiɗar da ake sa wa lokaci, da manyan ɗakunan ajiya, da makarantu, su ne za a riƙa fitarwa sannu sannu. Filin da suka bari a sake gina shi sashe sashe, a yi sama tun da ba halin faɗi, a kuma bar sarari domin iska. Kada a rufe ko da ɗaki ɗaya sai wanda zai gaje shi ya buɗe, da ruwansa da wutarsa da ma'aikatansa. Ƙasar asibiti kuma amana ce, da kuɗin talakawa aka same ta, kada a yanki ko taku ɗaya a mai da shi kanti.

Tare da wannan, a nemi fili tun yanzu a fuskokin da gari ke miƙewa, a tsare shi, ko da ba za a gina ba sai bayan shekaru. A kuma ƙarfafa asibitocin Wudil, da Gaya, da Rano, da Gwarzo, da Bichi, da Ɗambatta, da ƙananan wuraren shan magani na ƙananan hukumomi 44. Matar da aka iya yi wa fiɗar haihuwa a Rano ba za ta zo ta kwanta a ƙasa a birni ba.

Yanke wannan magana yau yana hannun gwamnati, ba ya hannun En'e. Amma magadan En'e suna da nasu rabo. Hakimi da dagaci su ne za su tsare fili, su shaida diyya. Mai unguwa shi ne zai faɗi gaskiyar abin da mutanensa ke iyawa. Akawu shi ne zai riƙe rajista sosai, kada ya rubuta abin da bai gani ba. Dattawan da suka san yadda aka yi a da kuma, kada su yi shiru in an zo shawara. Waɗanda suka kafa gado 16 a bakin Ƙofar Mata sun fara tambayar inda maras lafiya yake, kana suka tambayi inda fili yake. In na yanzu suka bi tambayoyin nan bisa wannan jeri, da wuya su ɓata.

Allah ya jiƙan magabata, ya saka musu da alheri, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa masu shawara su dace da abin da zai amfani jama'a. Amin.